Daga fadamar Galma zuwa tukunya: me ke sa naman agwagwar daji ƙarni da tauri?

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wadan Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce sau biyu ana kawo masa kirinjijiya, wato wata agwagwar daji, da zabin daji daga wajen kogin Galma, amma duk lokacin da uwargida ta dafa sai naman ya fito da ƙarni, ga tauri kamar igiya, har yara suka ƙi ci. Yanzu yana so ya fara bin maharba da kansa idan rani ya shigo, yana neman bayanin yadda ake yi tun daga daji har abinci ya sauka.

To Malam, kada a ɗora wa uwargida laifi. Yawancin ƙarnin da taurin nan tun a daji ake jawo su, cikin awa ɗaya ko biyu bayan tsuntsu ya faɗi, kafin ma ya ga ƙofar gida. Naman da aka bari da hanjinsa a cikin buhu, aka ɗaure a bayan babur rana na dukansa, babu yawan citta da kanumfarin da zai gyara shi. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan wannan ɗan lokaci. Amma bari mu fara da sanin abin da za ka harba.

Agwagwar da ta fi yawa a ruwayen ƙasar Zazzau ita ce kirinjijiya, mai farar fuska da dogon wuya, wadda ke tashi garke-garke tana fito sau uku a jere. Nauyinta tsakanin rabin kilo ne da giram 800. 'Ya'yan ciyawa da shinkafa da tsiron ruwa take ci, kuma da dare ta fi kiwo, don haka namanta na cikin masu daɗi idan an kula da shi. Sai dinya, babbar nan baƙa mai farin gashi a cikinta da ƙaho a gwiwar fiffike. Namijinta na iya haura kilo 5, kuma wannan ƙahon yana tsaga hannun wanda ya cafke ta da rai ba da dabara ba. Tsohuwar dinya ita ce sarauniyar tauri. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kuma akwai baƙi, wato ƙananan agwagi da ke tasowa daga Turai da Rasha, irin wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai doguwar wutsiya mai tsini. Sun fi taruwa a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi, amma wasunsu na sauka a madatsun ruwa da fadamun nan kusa. Abin da ke koro su shi ne sanyin ƙasarsu, inda tafki ke daskarewa.  Ka ga tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita don ya samu ruwan da bai daskare ba, bai kamata a yi masa kisan ƙare-dangi ba.

A tudu kuwa zabo ne da makwarwa da zomo. Gauraka da tuje da shamuwa ka ɗauke kai daga gare su. Gauraka ta kusa ƙarewa a Arewa baki ɗaya, tuje ma sai an sha wuya ake ganinsa.

Lokacin fita daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu. An kwashe amfanin gona, ciyawa ta kwanta, tsuntsaye sun ƙoshi da tsintar hatsi, ga sanyin hunturu na taimaka wa nama. Da damina kirinjijiya da dinya da zabi suke ƙwai da reno, duk uwar da ka kashe ka kashe ta ne da 'ya'yanta goma. Makwarwa takan kai farkon rani da 'yan tsakinta, in ka ga tana jan su ka bar ta. Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kai digiri 38 zuwa 40, tsuntsu ya rame, nama kuma na lalacewa kafin ka iso gari.

Kada ka ɗauki bindiga ba lasisi. Dokar makamai ta ƙasa ta ɗora bayar da shi a hannun 'yan sanda, kuma a halin tsaron da ake ciki, mutum da bindiga a bakin daji ba takarda yana wasa da ransa ne. Akwai kuma dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari da wurin tsuntsaye na Dagona a Yobe ba a farauta a cikinsu ko kaɗan. Kafin ka shiga kowace fadama ka gaida mai unguwa, ka nemi Sarkin Baka ko shugaban maharban yankin, ka sanar da masu lambu. Su ne za su gaya maka inda ake shiga da inda ba a shiga a wannan makon, musamman ta ɓangaren Giwa da duk abin da ya yi yamma. Shekarar farko ka bi wani babba a baya, kana riƙe masa jaka kana kallo.

Bindigar da ta dace da tsuntsu ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya ko biyu, mai lamba 12 a ma'aunin faɗin baki. Girman ƙwayoyin shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. Harsashin BB ya fi yawa a hannun jama'a, sai a riƙa harbin komai da shi. BB na dinya ne. Ga kirinjijiya da zabo harsashi mai ƙananan ƙwayoyi lamba 4 ko 5 ake so, ga makwarwa da zomo lamba 6 da ta fi su ƙanana. Ƙwayoyin BB manya ne kuma ba su da yawa a cikin harsashi, don haka ko su wuce ƙaramin tsuntsu ta gefe da gefe, ko ɗaya ta fasa masa hanji ya tafi ya mutu a cikin ciyawa, ko kuma a kusa su dagargaza ƙirjin da shi ne naman. Nisa kada ya wuce mita 30 zuwa 35, wato taku 40 na babban mutum. In ba ka iya rarrabe farin fuskar kirinjijiya da idonka ba, ta yi nisa. Masu adaka kuwa, wato bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, su guji abu biyu: ƙara albarushi fiye da ma'auni, da harbi bayan bakin bindiga ya caki laka. Waɗannan biyun ne ke fasa bindiga a hannun mai ita.

Wurin zama a bakin ruwa, iskar hunturu ta riga ta zaɓa maka. Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, haka ma tashi. Iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ka zauna a gaɓar arewa maso gabas, iska na bugun ƙeyarka. Tsuntsayen za su taho suna fuskantarka, sun buɗe fuka-fukai sun rage gudu, rana kuma za ta fito ta bayanka ta shiga idonsu. Ka isa tun kafin assalatu, ka yi sallarka a can, ka shige cikin kaba ko ka kafa 'yan karare a gabanka. Tufafi masu launin ƙasa, ba farar riga ba, kuma kada ka riƙa ɗaga fuska sama, domin fuska da motsi suke fara gani. Idan garke ya zo, kada ka harbi tsakiyarsa. Zaɓi guda ɗaya ta gefe, ka bi ta da bakin bindiga daga wutsiya, ka wuce bakinta da kamar mita ɗaya in tana gilmawa, ka danna kana ci gaba da jan hannu. Sabon maharbi yakan tsayar da hannu daidai lokacin dannawa, sai dalma ta bi bayan tsuntsu. Kirinjijiya tana da hali guda mai ban tausayi: in ɗaya ta faɗi, sauran sukan zagayo kanta. Wannan ne ke sa wasu su kwashe ashirin a zama ɗaya. Huɗu ko biyar sun ishi gida.

Kada ka kwantar da bakin bindiga daidai da fuskar ruwa ka harba. Dalma na tsalle a kan ruwa kamar yadda dutse ke yi in yaro ya wurga shi, kuma tana iya tafiya fiye da mita 200. Da rani bakin Galma da Kubanni da Saye cike suke da masu bayin tumatir da albasa, da masu su, da yaran Fulani masu shayar da shanu, hazo kuma na ɓoye mutum. Sa takalmin roba mai tsawo, saboda tsargiya ta fata take shiga a irin wannan ruwa mai kwanciya, ga matsattsaku, ga kasa da kububuwa a busasshiyar ciyawar gaɓa.

Zabo ya fi yarda da ƙafarsa a kan fiffikensa. Nemi sawunsa da gashinsa a hanyar da yake bi zuwa ruwa da hantsi ko da la'asar sakaliya, ka tsare hanyar, kada ka bi shi da gudu. Kere na yawo zabo na yawo, aka ce, haƙuri ne ke haɗa su. Zabon da ka gani kusa da ƙauye ko ruga ka ɗauka na wani ne, ko da ba ka ga farin gashi a ƙirjinsa ba. Makwarwa da sassafe takan hau kan suri ta yi kuka, sannan ta sauka gonar gyaɗa ko dawa da aka girbe. Zomo yana kwance da rana a gindin sabara, ba ya tashi sai ka kusa taka shi. Cinna wa daji wuta don a koro su kuwa ɓarna ce tsantsa, tana cinye harawar mutane da abincin dabbobi da ƙananan itatuwa a kan abin da bai kai kuɗin kaza ba.

Batun halacci a taƙaice. Ka yi bismilla lokacin sakin harbi. In ka tarar da abin da rai, yanka ya wajaba, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka ba a jaka ba. In ka tarar ya cika, kuma harbin ne ya huda shi ya zubar da jini, malaman Malikiyya na baya sun halatta. Abin da tarko ya shaƙe, ko aka buge da gora ko kere ya mutu ba a kai ga yanka shi ba, mushe ne, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta ambace su. Akwai kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ya hana cin abin da aka harba aka same shi ya nutse a ruwa, don ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ba. Wannan ya shafi mai harbin agwagwa kai tsaye, shi ya sa ake so ka harbe ta inda za ta faɗo a tudu ko ruwa marar zurfi, ka kai gare ta nan take. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuma halal. Sauran rassan mas'alar ka zauna da malaminka, Zariya ba ta rasa su ba.

Yanzu ga inda naman ke gyaruwa ko ya lalace. Jikin tsuntsu ya fi na mutum zafi, yana kai digiri 41 zuwa 42, gashinsa kuma bargo ne da ke riƙe wannan zafi sa'o'i bayan ya mutu. A ciki akwai hanji cike da ƙwayoyin cuta, wataƙila ma dalma ta huda shi. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin nan ke hayayyafa, sun fi sauri kuma a daidai ɗumin jiki. To aikinka uku ne: fitar da jini, fitar da kayan ciki, fitar da zafi.

Da ka ɗauko shi ka yanka wuya, ko da ya riga ya cika, ka riƙe ƙafafu kai ƙasa minti biyu ko uku. Jinin da ya kwanta a tsoka shi ne ke ba nama ɗanɗanon hanta da baƙin romo. Sannan ka fige gashin da ke tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura, ka tsaga fatar a gicciye kamar faɗin yatsu uku, da bakin wuƙa yana kallon sama don kada ka taɓa hanji. Zura yatsu biyu ta saman, ka bi ƙashin ƙirji har ka ji zuciya, ka jawo komai gaba ɗaya. Zagaye dubura da wuƙa ka cire ta tare da hanjin. Ware ƙundu da zuciya da hanta, ka yanke matsarmama daga jikin hanta da ɗan nama a tare da ita, don in ta fashe duk inda koren ruwan ya taɓa ya yi ɗaci ke nan. Kada ka manta da jakar wuya inda tsuntsu ke tara hatsi: tsaga fatar gindin wuya ka zare ta, domin abin da ke ciki yana tsami da wuri, musamman a zabo da makwarwa. Huhu na manne da haƙarƙari ta baya, ka kankare shi da yatsa. Bayan haka ka goge cikin da tsumma mai tsabta ko busasshiyar ciyawa. Kada ka wanke da ruwan fadama, ƙazanta za ka ƙara. In hanji ya fashe, ka ɗauraye da ruwan sha da ka zo da shi, ka tsane. Sa ɗan tsinke ya buɗe cikin, ka rataye a inuwa inda iska ke wucewa, kowane daban, kada a jibge su.

Leda da buhun taki su ne manyan maƙiyan naman daji. Kwando ko jakar raga ko buhun algarara ake so. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu, tsuntsun da aka gyara haka zai kai awa uku zuwa huɗu a inuwa lafiya. In rana ta yi zafi, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya shiga kula mai ƙanƙara. Daskarar da ruwa a robobin lita ɗaya da rabi guda uku ko huɗu tun daren jiya, sun fi ƙanƙarar da ake fasawa, don ba sa jiƙa nama. Turawa na rataye tsuntsu kwanaki da gashinsa don ya yi laushi, amma a ɗakin da sanyinsa bai fi na firij da yawa ba suke yi. Wanda ya gwada haka a Zariya ruɓa zai samu.

Zomo ma haka, sai dai kafin ka tsaga shi ka riƙe shi kai sama, ka matsa mararsa da babban yatsa zuwa ƙasa don fitsarin ya fita. Fitsarin da ya zube a ciki shi ne warin da mutane ke cewa na zomo ne. Feɗe shi ake yi, fatar na zamewa kamar riga in ka tsaga ta a tsakiyar baya ka ja gaba da baya. Duba hantar, in ka ga fararen ɗigo ko ƙuraje, ko zomon da ma ya kasa gudu, ka binne shi. Kada ka jefa wa karnuka ɗanyen kayan ciki, ta nan tsutsar ciki ke zagayawa.

Taurin da ka yi kuka da shi yana da dalili na biyu da ba kowa ya sani ba. Bayan mutuwa tsoka na sandarewa, tana farawa cikin awa ɗaya zuwa uku, ba ta saki sai bayan kusan kwana guda. Wanda ya harbo da asuba ya kawo gida da hantsi aka ɗora tukunya da azahar, ya dafa naman ne daidai lokacin da ya fi kowane lokaci tauri. In akwai wuta, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, a faranti, an rufe da tsumma. In babu tabbacin wuta, a sa shi cikin ruwan gishiri mai ƙanƙara a kula, ko kuma a haƙura a ba shi doguwar dahuwa. Shekarun tsuntsu ma na da tasiri. Danna ƙarshen ƙashin ƙirji, in ya lanƙwasa kamar guringuntsi ƙarami ne, ya yi gashi. In ya tsaya ƙiƙam, na farfesu ne ko dambu. Makwarwa mai dogayen ƙayoyi a ƙafa tsoho ne. Zomo kuwa kunnen ƙarami yana yagewa cikin sauƙi.

A gida, zabo da makwarwa ruwan zafi mai digiri 60 ya ishe su, minti ɗaya. Agwagwa gashinta na da mai, ruwa ba ya ratsa shi, sai an kai digiri 65 zuwa 70 an ɗiga sabulun wanke kwano kaɗan, ana tsoma ta ana motsawa minti biyu. Tafasasshen ruwa yana dafa fata ta yage. Bayan figa a babbake sauran gashin sama-sama, a ɗauraye. A saman gindin wutsiya akwai wani ɗan ƙullutu mai maiƙo, wanda tsuntsu ke shafa wa gashinsa da baki. Yanke shi gaba ɗaya da ɗan naman da ke kewaye. A agwagwa babu abin da ya kai shi ƙarni. Sannan ka shinshina kitsen. In fari ne ko ruwan ƙwai mai haske ba wari, bar fatar. In ya yi ja-ja yana ƙarnin kifi, feɗe fatar duka ka kankare kitsen, don ƙarni a kitse yake zama, ba a tsoka ba. Dinya da baƙin agwagi masu faɗin baki, feɗewa ta fi.

Sai dalma. Bi kowace huda da tsinin wuƙa, ka fitar da ƙwayar da gashin da ta tura ciki, ka yanke naman da ya yi baƙi da daskararren jini. Ka yi wannan kafin nama ya taɓa tsamiya ko lemon tsami ko tumatir, saboda tsami na narkar da dalma ta shiga romo. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu sanadin aikin haƙar zinariya. Abin da ke cikin tsuntsu bai kai wannan ba, amma gubar taruwa take yi a jiki, kuma ƙananan yara da masu ciki ta fi yi wa illa. Su a ba su ɓangaren da harbi bai taɓa ba.

Agwagin daji na ɗaukar murar tsuntsaye, wani lokaci ba tare da alamar ciwo ba. Karon farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji ne a Jaji, kan hanyar Kaduna, a Fabrairun 2006. Don haka kada a fige agwagwar daji a tsakar gida inda kaji ke kiwo. A sa safar hannu, a binne gashi da hanji, a wanke wuƙa da hannu da sabulu, takalmin fadama kuma kada ya shiga akurki. In ka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada ka taɓa, ka sanar da likitocin dabbobi, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru. Dahuwar da ta kai digiri 74 har tsakiyar nama tana kashe cutar. Zazzaɓin Lassa kuma ɓera ne ke ɗauke da shi, yana tsananta daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin farauta. Yaran da ke haƙar ramukan ɓeraye da gafiya su ne a gaba wajen haɗari. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan an taɓa irin wannan nama, a tafi asibiti a faɗi gaskiyar abin da aka taɓa.

In saya za ka yi, ka duba wurin harbi da wurin yanka. Akwai masu jiƙa shinkafa da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa. Agwagi da yawa a hannun mutum ɗaya, babu huda a jikinsu, wuya cike da hatsi, baki na dalala, wurin yankan kuma fari ba jini, ka bar masa kayansa. Dahuwa ba ta da tabbas a kan irin wannan guba, kuma mushe ne.

Kafin girki a jiƙa naman a ruwan gishiri, giram 50 a kowace lita, wato kamar babban cokali uku, awa 4 zuwa 8 a wuri mai sanyi. Yana jawo sauran jini, yana kuma sa tsoka ta riƙe ruwa a kan wuta. Zomo da dinya sun fi son kwana a cikin nono a firij. Ganyen gwanda da aka murza aka naɗe nama da shi awa ɗaya yana tausasa shi, in ya wuce haka sai saman ya yi laɓo-laɓo.

Ga farfesun kirinjijiya uku, kowace an raba huɗu: a zuba su a tafasasshen ruwa minti 5, a zubar da wannan ruwan da kumfarsa. A soya naman sama-sama a man gyaɗa babban cokali uku har ya yi ja, a zuba albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya shida, ɗanyar citta kamar babban yatsa, kanumfari biyar, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba biyu da aka fasa aka zubar da 'ya'yan don suna ɗaci, attaruhu uku, da daddawa ɗaya. Ruwa lita ɗaya da rabi. Da ya tafasa a janye itace, a bar shi yana ɗan motsi kawai, a rufe, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Dinya sai ta kai uku. Naman daji ba shi da kitse a cikin tsoka, jijiya ce ta yi masa yawa, ita kuwa jijiya a hankali take narkewa ta koma romo mai danƙo. Wuta mai ƙarfi matse naman take yi ya bushe a cikin ruwa. Gishiri a ɗanɗana tukuna tunda an jiƙa, ɗoɗɗoya kuma sai minti biyar na ƙarshe. Kanwa ba na ba da shawararta, tana baƙanta romo, ta narkar da saman nama cikin yana nan da taurinsa. Zomo haka ake fara shi, sai a ƙarasa shi a miyar gyaɗa ko taushe, a sa cinyoyi tun farko, naman gadon baya kuma bayan minti 40.

In gashi ake so, tsokar ƙirjin ƙaramin tsuntsu kaɗai za a ɗauka. A shimfiɗe ta da wuƙa ta zama kaurin rabin santimita, a tsira a tsinke ana sa ɗan kitsen tozo a tsakani, a shafa man gyaɗa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, minti uku zuwa huɗu kowane gefe a kan garwashi. Ya dahu har ciki ba ja, amma da ya dahu a sauke, minti biyu na ƙari ya isa ya mai da shi fata. Tsohon zabo kuwa dambu ne maganinsa: a dafa da albasa da citta har ruwa ya tsotse nama na barin ƙashi, a tsince ƙasusuwa da dalma da hannu a kan faranti, a daka a turmi, a soya da mai kaɗan-kaɗan a wuta marar ƙarfi har ya daina tururi.

Wanda ya samu da yawa ba firiza, ya yi banda. A tsaga tsuntsu ta baya a baje shi, a shafa gishiri giram 20 zuwa 25 a kowane kilo, a ɗora a waya kamar rabin mita sama da garwashin ƙirya ko marke. Awa biyu na farko da zafi sosai don ya dahu, sannan a rage wuta a bar hayaƙi awa shida zuwa takwas ana juyawa, washegari a maimaita. Ban da itacen darbejiya mai sa ɗaci, ban da katako mai fenti da roba. Ya yi ne idan ka lanƙwasa cinya ka ji ta bushe har gaɓa, ba danshi a kusa da ƙashi, domin daga nan ruɓa da tsutsa ke farawa. A ajiye a kwando inda iska ke shiga, a riƙa mayar da shi kan hayaƙi awa ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu, kuma kada a kusance shi da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Ranar da za a sa shi a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a jiƙa shi a ruwan ɗumi rabin awa, a zubar da ruwan farko.